Ni da jakar ɗumi, bayan an ce min na gama maganin kansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in rubuta wannan abin amma kullum sai in ce wa zai tsaya karanta labarin jakar gero da ake ɗumamawa a ɗora a wuya alhali mutane na fama da manyan matsaloli. To amma duk ranar da na je ganin likita sai na tarar da wata a layi tana murza wuya ko ta riƙe kafaɗa, in hira ta haɗa mu sai in ga abin da na sha shi take sha, kuma ba wanda ya zauna ya yi mata bayani. Shi ya sa na ce bari dai in rubuta, mai buƙata ta ɗauka.

Ni malamar makaranta ce a Kano, na haura hamsin, yara sun girma har da jikoki. A 2021 aka gano ina da kansar mama ta ɓangaren dama. Ba zan ja wannan ba don ba shi ya kawo ni ba, a taƙaice dai an yi min kemo, wato maganin kansa na ƙarin ruwa, jan ruwan nan doxorubicin da ke zubar da gashin kai har fitsari ya koma ja, daga baya aka koma paclitaxel, sannan aka yi aiki aka cire maman gaba ɗaya haɗe da kaluluwar hammata, da wurin aikin ya warke aka tura ni Abuja gashin na'ura, wato hasken da ake haska wa wurin don kashe ragowar cutar. Bayan nan aka ɗora ni kan letrozole, ƙwaya ɗaya mai miligiram 2.5 kullum, aka ce aƙalla shekara biyar zan yi ina sha saboda irin tawa kansar da sinadarin mata take girma. Alhamdulillah, na dawo gida, aka yi sauka aka yi sadaka, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka.

Abin da ba a gaya min ba, ko kuma an faɗa hankalina baya wajen, shi ne jiki zai sandare. Ba lokaci ɗaya ya zo ba. Da farko yatsu ne, in na tashi da asuba ba sa lanƙwasuwa, buta ma sai na haɗa hannu biyu, dundunniya kuma in na taka ƙasa sai na tsaya na dafa bango kafin in iya tafiya. Can bayan wasu watanni sai kafaɗar dama da gefen wuya suka ɗauka. In zan yi kabbara hannun hagu ya kai inda ya saba, na dama ya tsaya a hanya. Ɗaurin ɗankwali ya gagare ni, autata ce ke ɗaura min kafin ta tafi makaranta, ranar da ta riga ni fita sai dai in zura hula in saka hijabi. A aji kuwa saman allo ya fi ƙarfina, sai in ce wa monita zo ka rubuta mana kwanan wata da kan darasi, ni in fara daga tsakiya, yara sun ɗauka wata dabarar koyarwa ce. Shanya, sauke tukunya daga kanta, waiwaye in ina cikin adaidaita, duk sai da lissafi. Naman ƙirjin nan da gefen hammata ji nake kamar fatar layya da aka shanya ta bushe ta ƙanƙance. Da hunturu ya shigo kuwa ba a magana, wallahi akwai daren da nake zama a bakin gado in rasa ta wane gefe zan kwanta.

Kuma abin da ya fi ci min rai ba ki da bakin ƙorafi. Da kin ce wash sai a ce haba Hajiya ai ke sai godiya, wance da kuka fara tare tana ina yanzu. Gaskiya ne, kuma ina godiya, amma godiya ba ta hana kafaɗa ciwo. Sai na koma yin shiru, ina shan farasitamol a ɓoye kamar mai laifi.

Can ƙasan zuciyata kuma tsoro ne, na ce shikenan abin ya dawo ya shiga ƙashi. Maigidana ne ya matsa, ya ce ba za mu jira ranar da aka rubuta a kati ba, gobe za mu je. Likita ya duba, ya tura ni hoto da gwajin jini, sakamako ya fito ba komai. Wannan matakin dan Allah kar wadda ta tsallake shi, duk wadda ta taɓa yin kansa in sabon ciwo ya zo mata a baya ko ƙugu ko haƙarƙari, musamman wanda ke tashinta cikin dare kuma baya lafawa, ba jakar ɗumi za ta fara nema ba, likita za ta fara gani. Ni da aka tabbatar ba dawowa ya yi ba sai likitan ya zauna ya warware min. Ya ce aikin da aka yi ya bar tabo har can ciki ba a fata kaɗai ba, kuma tabo janyewa yake. Gashin na'ura shi ma yana sa nama ya yi tauri a hankali, wani lokaci sai bayan watanni ko ma shekaru yake nunawa, shi ya sa mutum zai ga ya gama lafiya ƙalau daga baya abu ya taso. Shi kuma letrozole aikinsa ya rage sinadarin matan nan, estirojin, a jiki ƙwarai, to sandarewar gaɓoɓi da safe na cikin abin da aka san yana kawowa, har ƙashi yana ragewa ƙarfi, dalilin da ya sa aka haɗa min da kalsiyam da bitamin D kenan. Ya ƙara da cewa ke kanki kina taimakawa, tun da aka yi aikin kike tafiya kin ɗage kafaɗa kin rungume gefen nan kina kare shi, naman wuya ba ya hutawa. Ya rubuta min takarda zuwa sashen fiziyo, wato masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki.

Yarinyar da na samu a can ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, Mama take ce min. Ta sa na ɗaga hannu ta auna inda ya tsaya, ta ɗauko auduga tana shafa min wuri wuri tana tambaya Mama kin ji nan, nan fa. Anan na gane ashe daga tabon aikin zuwa hammata har bayan damtse ba na jin komai sosai, kamar jikin wani. Ta ce to ki riƙe wannan taswirar a kanki, duk inda ba ki ji audugar nan ba zafi ba zai taɓa zuwa wurin ba, har abada. Sai ta ciro wani abu daga tankin ruwan zafi ta naɗe shi da tawul ninki ninki ta ɗora min a wuya da saman baya, ta bar ni kusan minti 15, sannan ta fara miƙar da ni. Ranar yatsuna suka hau bango suka wuce inda suka saba tsayawa. Ba wani nisa ba, amma na gani da idona.

Ta yi min bayanin da har yau da shi nake aiki. Ta ce ɗumi yana buɗe jijiyoyin jini, yana sa nama ya saki, yana rage jin ciwo na ɗan lokaci, amma ba ya narkar da tabo, wanda ya ce miki yana narkarwa ƙarya yake. Amfaninsa shi ne wannan ɗan lokacin da jiki ya saki, a cikinsa za ki yi motsa jikin da na koya miki. In kin ɗumama kin koma kin kwanta daɗi kawai kika ji, gobe kina nan inda kike.

To fiziyo ba kullum ba ne, ga kuɗin mota ga layi ga aiki, dole a nemi na gida. Na fara da abin da kowa ya sani, tawul da ruwan zafi. Kafin ki gyara zama ya huce, riga ta jiƙe, sanyin hunturu ya bi ta jiƙar ya shige ki, kuma matse tawul da yatsun da ba sa lanƙwasuwa wata azaba ce daban. Robar ruwan zafi na da ita tun ta haihuwa, amma ba ta kwanciya a wuya, zamewa take, kuma na tsorata da ita tun da na ga wata baiwar Allah a layin asibiti da ta ɗora irinta a ƙirji ta yi barci, wurin aikin ba ya ji, da safe ta tashi fata ta saɓule, fatar da aka yi wa gashin na'ura kuma ba ta saurin warkewa, ta daɗe tana zuwa wankin ciwo. Na tambayi 'yar fiziyo ta lantarki fa, wadda ake jonawa, ta ce ita ba ta so min, don ba ta hucewa da kanta, in barci ya ɗauke ki tana nan tana aiki. Na ce balle ma ina wutar. Sai ta buɗe wayarta ta nuna min hoton wata doguwar jaka ta yadi, an cika ta da hatsi, ana sakawa a maikirowef a ɗumama a yafa a wuya ta sauko kafaɗu biyu. Ta ce kyawunta tana bin jiki, kuma tun da kika ɗora ta hucewa take yi ba ƙaruwa ba.

Nema ya fara. Kemis ɗin unguwa, manyan kantunan magani, shagunan kayan asibiti na Sabon Gari, manyan kantunan zamani, ina yawo da hoto a waya. Wani ya ce Hajiya wannan ai filo ne na matafiya, wani ya ciro min bel ɗin ɗaure ciki, wani ya rantse gobe zai kawo in bar kuɗi. Wanda ya fi kusa shi ne ya ba ni wata leda mai shuɗin ruwa mai kauri a ciki, wadda ake iya sakawa a firiza ko a ɗumama. Na saya. Tana aiki ba laifi, amma a maikirowef gefe ɗaya ya yi zafi sosai ɗaya gefen da sanyinsa, ga ta gajera ba ta zagaye wuya, kuma kullum ina fargabar ta fashe. Yanzu tana firiza, jikoki in sun buge goshi ita ake ɗaukowa. A intanet akwai su birjik, amma yawanci daga waje za a kawo, in kika haɗa kuɗin kaya da na kawowa, ga yadda dala ta tashi daga 2023, sai ki ga kuɗin maganin wata ne, a kan jakar hatsi.

Ɗiyar yayana da ke aikin nas a Manchester ce ta ji labari a bakin autata, ta kira ni tana dariya ta ce Goggo ai wannan a nan ko'ina akwai shi, tsofaffi ke amfani da shi lokacin sanyi, me ya sa ba ki faɗa min ba. Ta ba wani mai dawowa gida ya taho min da ita. Doguwa ce, ta kai tsawon hannu, alkama ce a ciki, nauyinta wajen kilo ɗaya, yadin waje mai laushi. Kafin ma jakar ta iso ɗiyar yayan nawa ta turo min saƙon murya mai tsawo, ta ce Goggo ki karanta takardar jikinta ki bi mintin da aka rubuta kar ki ƙara, don a Ingila 'yan kwana-kwana suna yawan gargaɗi a kanta, in aka wuce lokaci ko aka cusa ta cikin bargo hatsin na iya ci gaba da cin wuta a ciki a hankali har ya kama, gidaje sun ƙone ta haka. Ta ce ki ringa saka ɗan kofin ruwa a gefe cikin maikirowef ɗin don kar hatsin ya bushe ƙarau, ki tabbatar farantin yana juyawa jakar ba ta tokare bango ba, kar ki bar wurin sai ya tsaya, kuma kar ki sake ɗumamawa sai ta huce gaba ɗaya.

Ranar farko da na yafa ta, wallahi sai da na ji hawaye. Nauyin nan ya danna kafaɗun da na shekara ina ɗagewa, ɗumin kuma mai ɗan laima ne ba busasshe ba. Matsala ɗaya, an zuba mata wani furen ƙamshi wai lafanda, Turawa na so. Ni tun kemo hancina ya canza, ƙamshi mai ƙarfi tashin zuciya yake sa ni, turaren wutar da na fi so ma na daina. In ta yi zafi ƙamshin ya cika ɗaki sai in ji kamar ina kan gadon ƙarin ruwa. Na daure na wani lokaci, na shanya ta a inuwa ko zai fita, ya ƙi.

Maigidana ne ya juya ta a hannu ya ce wai ni wannan ba ɗinki ba ne da hatsi, a garin da ke da Kantin Kwari da Dawanau za a ce sai an aiko mana daga Ingila? Washegari na kai wa telana. Ya latsa ya shinshina ya ce Hajiya me ke ciki, na ce alkama, ya ce ta tuwo? Na ce ita. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa ya gani. Amma da ya natsu ya yi aiki mai kyau, har ya fi na asalin, don ta Ingilar buhu ɗaya ce hatsin na gangarowa gefe, shi kuwa ya raba ta ɗaki ɗaki da layin ɗinki, kowane ɗaki ya zuba masa nasa bai cika shi dam ba, ya bar wuri yadda za ta lanƙwasa. Ya yi mata riga ta waje da ake cirewa a wanke, don ita jakar cikin ba a wanke ta, in ruwa ya taɓa hatsin ta lalace.

Maganar yadi ita ce ta fi muhimmanci kuma nan ake samun matsala. Dole ya zama auduga zalla. Yadin roba narkewa yake, kuma yawancin atamfofin yanzu masu araha akwai roba a ciki ko da mai shago ya rantse. Telan ne ya nuna min yadda ake ganewa, ya yanki ɗan ƙyalle ya kunna masa ashana a ƙasa. Na auduga ya ci ya zama toka mai laushi, warinsa irin na takarda, in ka murza ya watse. Ɗayan kuwa ya nannaɗe ya yi baƙin ƙulli mai tauri yana warin leda. Tun daga nan ba na sayen yadin jaka sai an yi wannan gwajin a gabana. Kuma ba zik, ba maɓallin ƙarfe, ba zaren ado mai walƙiya, ba duwatsun nan da ake mannawa, duk ƙarfe a maikirowef tartsatsi yake. Na ce masa ko zaren ɗinkin a samo na auduga, ya ce Hajiya kin fi mai kayan amarya sharaɗi.

Abin zubawa kuma mun gwada kala kala ni da autata. Shinkafa tana ɗaukar zafi da sauri, amma gidan sai ya ɗau ƙamshin girki, kuma bayan an jima ana amfani da ita sai ta fara karyewa tana warin ƙauri. Alkama ta fi riƙe ɗumi, ita nake sawa a ta baya. Gero shi na fi so a wuya, ƙwayarsa ƙanana ce tana shiga duk wani lungu tsakanin wuya da kafaɗa, ba ta tokare ƙashi, sai dai a samu wanda aka sheƙe sosai aka tsince, ya bushe ƙwarai, in da ƙaiƙayi a ciki za ki gane kurenki. Dawa da masara ban saka ba, don suna iya fashewa su yi gugguru. Wake kuwa wari. Wasu a waje suna amfani da ƙwallon wani ɗan itace, mu abin da ke rumbunmu ya ishe mu. Kafin a ɗura ina saka hatsin a firiza na wasu kwanaki in an samu wuta, saboda ƙwari, kuma ina ajiye jakar a cikin bokiti mai murfi don ɓeraye ba su san ta magani ba ce.

Yadda nake yi yanzu, da asuba kafin alwala in akwai wuta, minti ɗaya da rabi a namu injin mai wat 800, in na gero ce ƙarama minti ɗaya ya isa. Kowane inji da ƙarfinsa, gara ki fara da kaɗan. In na ciro sai na girgiza ta sosai don maikirowef ba ya dafa abu daidai, wani wuri na iya yin zafi fiye da wani. Gwaji kuma ba da yatsu nake yi ba, paclitaxel ya bar min dindiris a yatsun hannu da na ƙafa, suna iya ce min lafiya lau alhali abin na ƙuna. A cikin damtsen hagu nake dannawa in ƙirga goma, ko in ba wani a gidan ya taɓa. Ɗumi ake nema mai daɗi, in har sai kin cije baki to ya yi yawa. A kan riga nake ɗorawa ba a fata tsirara ba, ina zaune ba a kwance ba, minti 15 zuwa 20, in cire in duba wurin a madubi. Sannan bango, yatsu na hawa a hankali ta gaba da ta gefe, sai sandar tsintsiyar zamani in riƙe da hannu biyu lafiyayyen ya tura mara lafiyan sama, sai juya kafaɗu baya, sai kwantar da kunne zuwa kafaɗa kowane gefe. Ja ake so a ji, ba zafin da zai sa ki ihu ba.

Hannun dama kuwa daga hammata zuwa yatsu ba na kai masa jakar sam. Tunda an cire kaluluwa ruwan jiki ba ya wucewa yadda ya saba, hannun na iya kumbura, kuma zafi na ƙara jawo ruwa wurin. Irin dalilin da ya sa aka ce min in ringa miƙa hagu wajen allura da awon jini kenan. 'Yar fiziyo ta ce in na ga zobe ko hannun riga ya fara matse ni, ko hannun ya yi nauyi, in ajiye ɗumi in zo. In kuma fatar ta yi ja ta yi zafi ga zazzaɓi, wannan ba jira, asibiti a ranar, don ƙwayar cuta ce ta shiga kuma tana gudu. Wadda take tsakiyar gashin na'ura ko ta gama kwanan nan ita ma ba ruwanta da ɗumi a wurin. Akwai kuma masu manna filastar maganin ciwo mai ƙarfi irin fentanil, wannan in zafi ya hau kanta maganin na shiga jini da yawa lokaci ɗaya, yana iya tsayar da numfashi, ba wasa ba ne. Man zafi ma irin su Robb da Aboniki da muke ji da su, ba a shafawa a ɗora jaka a kai, ko wannan ko wancan.

Na sha fama da masu ba da shawara a nan. Wata gwaggon maigidana da ta ji ana maganar ɗumi ta ce yo ai gashi za a yi miki irin na jego, a tafasa ruwa da ganye a ringa fyaɗa miki, kwana bakwai kin miƙe. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma ba a musu da babba, na ce to Gwaggo in sha Allahu, na bar maganar a nan. Amma ku 'yan uwana ina gaya muku kar ku yarda, jikin da aka yanka aka yanke jijiyoyin ji aka kuma gasa da na'ura ba jikin mai jego ba ne, tafasasshen ruwa zai ƙona ki ba ki sani ba.

Sai matsalar wuta, wadda duk wanda ke nan ya san ta. Maikirowef na cin wuta, ƙaramar solar gidanmu ba ta ɗaukarsa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mai tada janareto saboda minti biyu. Anan na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in bayanta ya riƙe takan soya yashi mai laushi ko gishiri a kasko ta ƙulle a tsumma a danna mata. Sai na sa tela ya ɗinka min wata daban mai baki da igiyar zugewa. In ba wuta autata ta zuba gero a busasshen kasko, wuta ƙasa ƙasa tana juyawa ba tsayawa, da ya yi ɗumi ta juye a jakar ta ɗaure, a girgiza, a gwada kamar kullum. Wannan ta fi son kulawa don kasko ba shi da agogo, kuma geron ba ya daɗewa yake fara warin suya sai a canza, kaji su samu rabonsu. Amma ta fitar da ni a darare da yawa.

Kar in yi muku ƙarya, ban koma yadda nake da ba. Hannun dama har yanzu bai kai na hagu ba in na ɗaga su tare, kuma in na yi sati ban yi motsa jikin ba saboda biki ko jarrabawar yara sai ya fara komawa, jaka ko ba jaka. Amma ina ɗaura ɗankwalina, ina kaiwa kusan saman allo, ina kabbara ba na tunanin hannu. Sandarewar safe ta letrozole tana nan, har na taɓa ce wa likita ni fa na gaji zan daina, ya ce kar ki daina da kanki, in ya gagara akwai 'yan uwansa irin anastrozole da exemestane, ko a koma tamoxifen, wata in an canza mata sai ta samu sauƙi. Ya ce kuma ki ringa tafiya a ƙasa. Ban canza ba, ina zagaya unguwa bayan la'asar ni da wata maƙwabciyata, kuma na lura ranar da na yi tafiyar washegari gwiwoyin sun fi sakin jiki.

Jakunkunan yanzu sun yi yawa a gidan, maigida ya ƙwace ta alkamar wai bayansa, ta Ingilar kuma na ba maƙwabciyar tawa, ita ƙamshin bai dame ta ba. Matan da muke haɗuwa a layi na kan nuna musu tawa in ce su fara tambayar likita ko fiziyo inda za su ɗora da inda ba za su ɗora ba, sannan su kai wa telansu, ba sai sun kashe kuɗi ba, mudu ɗaya na gero da ragowar yadi ne. Da damina a kula, hatsin na jan laima, in kika ji warin fumfuna ko na ƙauri ko kika ga yadin ya fara baƙi wuri wuri a farke a zubar a sake sabo. Abin da nake bin tela yanzu shi ne ta yatsu, irin safar hannu da zan zura hannun hagu da safe, ya ɗinka sau ɗaya ta fito kamar takalmin jariri geron duk ya taru a ƙasa, ya ce in bar masa zuwa bayan sallah aiki ya yi masa yawa.